Minti Uku a Dillingham

Minti uku aka ba kowa.
Agogon na kan tebur, kusa da taswirar kamfani,
inda aka shafe mafarin kogi da ruwan toka
kamar an ce: nan ba kowa.

Kafin ni, Anecia ta miƙe,
shekararta tamanin da ɗaya, ba takarda a hannunta.
Busasshen kifi ta ajiye gaban baƙin da jirgi ya kawo,
ta yi magana da harshenta, jikarta na juyawa:
wannan ya rene ni tun ban yi haƙori ba,
ku ci, sai mu yi zance.
Ba wanda ya miƙa hannu.
Ɗaya ya gyara tabarau.

Gusty ma ya tashi, muryarsa na rawa.
Ya ce shi aiki yake so,
man ɗumama ɗaki ya fi ƙarfin aljihunsa,
kuma kifi ba ya biyan haya a watan duhu.
Ban ga laifinsa ba.
Yunwa ba ta karanta taswira.

Sai aka kira sunana, aka karya shi biyu yadda aka saba.
Na ce: Kuluwa nake, mai allura a asibitin garin nan.
A wurinmu ana cewa baƙo raɓa ne,
to ku bar raɓa ta faɗi abin da ta gani
kafin rana ta ɗaga.

Na ga zinariya ta shigo garinmu a buhu.
Dutse ne, aka daka shi a tsakar gida,
a turmin da ake surfen gero.
Maza suka sayi babura.
Ƙurar ta kwanta a kan tabarma, a bakin randa,
a tafin yaro mai rarrafe.
Tanimu ɗan wana, shekara biyu da rabi,
ya sandare a cinyata bayan la'asar.
Sai daga baya muka koyi sunan abin: dalma.
Kafin nan, iska muka zarga.

Injiniyanku ya ce madatsar za ta riƙe dagwalon har abada.
Har abada?
Wannan kalmar Allah ce,
ban taɓa ganin an zuba ta da siminti ba.

Na tsaya bakin Nushagak a watan Yuli,
na ga ruwa ya yi ja da bayan salmon.
Shekaru a teku, ba mai nuna masa hanya,
da hanci yake gane ruwan da aka haife shi,
ya hau, ya daina ci, ya tsage jikinsa a duwatsu,
ya zuba ƙwai a tsakuwar uwarsa, ya mutu.
Gawarsa ta ciyar da mikiya, ta ciyar da itace.
Ni da na yi shekara tara ban taka gida ba,
wallahi kishin kifin nan nake.
An ce ɗan jan ƙarfe kaɗan a ruwa
ya isa ya toshe masa hancin.
Ku gaya mini, wanda ya manta ƙamshin gidansu,
ina zai kai ƙwansa?

Agogo ya yi ƙara.
Akwai sauran magana, na haɗiye.

A waje ƙarfe goma na dare, rana ta ƙi faɗuwa,
har yau ban iya magaribar ƙasar nan ba.
Anecia ta biyo ni da kifin da aka ƙi ci,
ta yaga biyu, ta ba ni wajen mai.
Gusty ya wuce mu, ya dawo,
ta yaga nata, ta miƙa masa.

Na gangara ƙasa, na tattare hannun riga.
Ruwan ya sare ni har ƙashi.
Na kurkure baki sau uku,
na huɗun na sha.